Haƙoran Mai Jan Baƙi

Shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, ina cikin ƙananan ma'aikatan da aka kwaso aka zube a Birnin Kebbi, kowa da fayil ɗinsa a hammata. Ni akawu ne mai buga tafireta. Ofishinmu wani gida ne da aka ara a Nasarawa, mu bakwai a ɗaki guda, ɗakin kwanana kuma yana Badariya. Abokan aikina kullum cikin ƙorafi suke, ni kuwa canjin ya yi mini rana, domin na matso kusa da gida. Argungu ta zama tafiyar sa'a guda a motar haya, sai na riƙa zuwa ranar Asabar in dawo Lahadi.

Mahaifina manomin shinkafa ne a fadama, amma ba da noma aka san shi ba. Shi ne mai jan baƙi a masallacin unguwarmu. Duk watan azumi bayan la'asar, shi zai karanto aya, malam ya fassara wa jama'a. Tun kafin a haife ni yake wannan zama. Muryarsa ba wani zaƙi gare ta ba, sai dai haruffa suna fita daga bakinsa tas, kowanne daga inda ya kamata ya fito, har almajiran ilimi manya kan zo daga wasu unguwanni don su ji yadda yake fitar da sin da zal. Bai taɓa cewa yana alfahari da wannan ba. Amma duk wanda ya ga yadda yake fara bitar karatu tun watan Rajab ya san a nan ransa yake.

Ni ne ɗan farinsa, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Bai taɓa kiran sunana ba. Ba mu cin abinci kwano ɗaya, ba mu haɗa ido. In na durƙusa na gaishe shi, bango yake amsa wa. Innata ma ta fi shi, in na shigo ɗaki ita fita take yi. Duk maganar da ke tsakanina da shi ta hannun Gwaggo take bi, wato yayarsa, wadda ta goye ni, take zaune a gidan tun rasuwar mijinta. Ita ba ta jin kunyar kowa, bakinta kuma ba shi da linzami.

Ita ce ta ja ni gefe wata Asabar, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah.

"Kai, ka lura da ubanka kuwa?"

"Mi as same shi, Gwaggo?"

"In ya yi alwala jini shika tohwarwa. Goro ma ya bar cizo nai, sai dai ya goga ga magogi awa tsohuwa."

"Kuma bai hwaɗi ba?"

"Wa zai hwaɗa ma? Kai?"

Ni mutum ne da tun ina ƙarami ƙaramin abu ke hana ni sukuni, in na ji tari sai in hango makara. Ranar nan kuwa abin da na hango ba makara ba ce, giɓi na hango a gaban bakin mahaifina, da iska tana bi ta ciki tana ɓata masa haruffa a gaban jama'a.

Sai da Gwaggo ta yi mako biyu tana yi masa faɗa kafin ya yarda ya biyo ni Birnin Kebbi. Likitan haƙorin wani mutumin Zuru ne, gajere, mai magana kai tsaye. Ya kwantar da mahaifina a kujera, ya haska masa fitila a baki. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon takalmana, don ban taɓa ganin cikin bakin mahaifina ba, kuma ban ga ranar da zan fara ba. Kusan sa'a guda ina jin ƙarar ƙarfe yana kankare wani abu mai tauri. Da ya gama sai ya nuna mana abin da ya ciro a kan auduga, ɓarɓashi ruwan ƙasa kamar ƙanzon tukunya.

Ya ce wannan kanta ce. Ya ce kullum wata dauɗa mai laushi takan taru a gindin haƙori, wurin da ya haɗu da dasashi. In an goge ta a ranar, ta tafi. In aka bar ta ta yi kwanaki sai ta daskare, daga nan babu asuwaki ko burushin da zai iya da ita, sai ƙarfe. Ita ce ke cin dasashi, dasashi ya ja baya, haƙori ya rasa abin riƙo.

"Malam, waɗannan biyu na sama, na gaba, suna motsi. Ban ce sun tafi ba. In ka goge gindinsu safe da dare, a hankali, kullum, za su iya tsayawa. Asuwakinka ka ci gaba da shi, yana da kyau, amma na ga kana kauce wa inda ke ciwo, nan kuwa ne aikin yake."

Ya ba shi burushi na hannu mai laushi, kore, irin wanda ake samu a kowane kanti, ya nuna masa yadda zai karkata shi. Ya ce mu dawo bayan wata uku.

A nan ne na nuna ni ɗan boko ne. Na taɓa ganin hoton burushi mai batir a wata mujalla da ke yawo a ofishinmu, sai na tsaya bayan mahaifina ya fita, na tambayi likita ko wannan bai fi fitar da dauɗar ba.

Ya ce, "Yana ɗan fi, musamman ga wanda hannunsa ba ya kaiwa lungu ko mai gaggawa. Amma na hannun ma ya isa in an yi haƙuri an bi shi daidai. Ba burushin ba ne, kullum ɗin ne."

Rabin farko na maganar na ɗauka, na bar masa sauran a ofishinsa. Mai kula da sito a wurin aikinmu yana shirin zuwa Hajji a shekarar, na je har gidansa a Gesse na zana masa hoton abin a takarda, na roƙe shi in ya gani a can ya taho mini da shi.

Watannin nan uku mahaifina ya riƙe koren burushi kamar wuridi. Gwaggo ta ce bayan asuba da bayan isha'i sai ya zauna bakin rariya da butarsa, yana yi a hankali har ta gaji da kallo. Jinin ya ragu, daga baya ya ɗauke. Da muka koma, likita ya taɓa haƙoran biyu da yatsa ya gyaɗa kai, ya ce ɗaya ya kusa tsayawa, ɗayan ma da sauƙi. Ya ce a ci gaba haka, a dawo bayan wasu wata ukun. A motar komawa Argungu na ji mahaifina yana karatu ƙasa-ƙasa, ni kuma na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Mako guda bayan haka mai sitonmu ya dawo cikin jirgin alhazai na ƙarshe, saƙona ya iso. Fari ne, mai kauri, da maɓalli a ciki. Na danna shi a ofis ya kama zuza kamar zanzaro ya shiga kwalba, duk akawuna suka taru a kaina. Na ɗora shi a kan farcena na ga yadda yake aiki, na ce a raina yau dauɗa ta ga ta kanta. In na hannu ya kawo mu nan, ina ga wannan?

Na kai wa Gwaggo, na nuna mata wurin dannawa da wurin sa batir. Ta shiga da shi ta fito.

"Ya ce Allah shi yi maka albarka. Ya tambaya ko da gaske daga Makka yah hito, nic ce mai i."

Ban ce mata ta gaya masa safe da dare ba. A ganina wannan an riga an wuce shi.

Daga nan duk ƙarshen wata sai in sayi batir in kai. In na tambayi Gwaggo ko yana amfani da shi, sai ta ce, "Shina yi mana, har kaji na gudu in sunka ji kuka nai." Ba ƙarya ta yi ba. Amma wata rana na shiga zaurensa ɗauko tabarma, na ga batiran da nake kawowa jere a kan taga, ko ledarsu ba a ɓare ba. Na tsaya ina kallonsu. Sai na lallashi kaina da cewa kayan can ƙasar ba su cin batir kamar namu. Tambaya guda ce za ta raba gardama, kuma mai amsar yana zaune a ƙofar gida yana gyaran igiya. Na fito na wuce shi da tabarmata.

Wata uku suka cika, ban kai shi wurin likita ba. Na ce ana aikin fadama, a bari a yanke shinkafa. Aka yanke, na ce a bari a sussuke. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Na koma satar kallon bakinsa in yana amsa gaisuwar mutane, sai na ga kamar ya rage buɗe shi. A ofis ina buga takarda sai in tsinci harshena yana tura haƙorana na gaba, ina gwada yadda sin za ta fita in babu su. Takardu nawa na ɓata a lokacin, shugabana ne kaɗai ya sani.

Cikin watan Rajab aka ba mu hutun kwana biyu, Alhamis da Juma'a, na tafi gida. Wannan ne karo na farko da Juma'a ta riske ni a Argungu tun zuwan burushin. Da hantsi ina zaune a tsakar gida Gwaggo tana tsince shinkafa, sai mahaifina ya fito da ƙaramin akwatinsa na ƙarfe, wanda yake ajiye kayan Juma'a. Ya ciro farar riga, ya ciro kwalbar turare da tandun kwalli. Daga ƙasa ya ciro wani abu naɗe cikin farin ƙyalle, ya warware shi a hankali. Ya tafi bakin rariya, zuzar nan ta tashi, kaji suka watse. Bai fi minti guda ba ya kashe, ya wanke, ya shanya a rana, ya mayar cikin ƙyallen. Ruwan da ya tofar ja ne.

"Gwaggo, jiya ban ji shi ya kunna ba."

"Jiya Juma'a ta?"

"Wai ran Juma'a ɗai shika yi?"

"To da yaushe? Abin Makka na hwa."

"Koren hwa? Na likita?"

Ta nuna mini da haɓa. Yana rataye a jikin ƙusa kusa da magogin goro, gashinsa ya baje ya yi ja. Da shi take wanke magogin.

Ban san lokacin da na miƙe ba. A rayuwata ban taɓa tsayawa a kan mahaifina ina magana ba sai ranar.

"Baba, likita cewa yay yi sahe da dare. Kullum."

Bai dube ni ba. Ya juya wajen yayarsa.

"Ki hwaɗa mai, abin da yah hito ƙasa mai tsarki ba a sa shi kullum ga bakin da ka cin goro. Na aje shi ga ranar da ta dace da shi."

"To da ka ci gaba da koren sauran kwanakkin, Baba."

"Ki hwaɗa mai, shi da kai nai ya aiko da wanda yah hi. In ruwa ya samu, taimama ta ɓaci."

Bai yi don raini ba, girmamawa ce ta yi yawa, ya girmama Makka, ya girmama kyautar ɗan da ba ya iya yi wa godiya baki da baki. Wata shida ke nan gindin haƙoran nan biyu ba ya ganin burushi sai sau ɗaya a mako, asuwaki kuma tun da ciwon ya dawo ya koma kauce musu. Garin gyaran gira na tsokane ido. Gwaggo ta dube ni ta dube shi ta ce, "Ku biyun ga, da kunya na kashe mutum da tuni an yi sadakar bakwai ɗinku."

Ranar Litinin muna gaban likita. Bai yi faɗa ba, na fi so da ya yi. Ya ba mahaifina wata 'yar ƙwaya ja ya ce ya tauna ya wurwura a baki ya tofar, ya ce duk inda dauɗar take a nan launin zai kama. Sannan ya kira ni.

"Zo ka gani. Kai ka kawo injin, zo ka ga aikinsa."

Na matso. Ranar na fara ganin cikin bakin mahaifina. Gindin kowane haƙori ya yi ja kamar an zana masa lalle, na gaban nan biyu kuwa sun yi tsawo saboda dasashin ya janye. Mahaifina ya rufe idanunsa.

Likita ya karɓi mai batir ɗin ya goge masa gefen dama, ya ɗauko sabon na hannu ya goge gefen hagu, yana duban agogo don kowanne ya sami lokaci daidai. Ya sa ya kurkure. Duk gefen biyu jan ya fita, sai abin da ya riga ya daskare. A can bayan turamen ƙarshe, gefen mai batir ya ɗan fi haske, sai ka ƙura ido za ka lura.

"Ka gani? Wannan ya ɗan fi. Wannan ma ya yi. Wanda ba ya fitar da komai shi ne na cikin akwati."

Ya taɓa haƙoran biyu. Na dama ya ɗan motsa. Na hagu kuwa ya yi lilo har na kau da kai. Ya ce wannan ya tafi, akwai ruwa a ƙarƙashinsa, in an bar shi zai ja ɗan'uwansa. Na tambaya ko za a iya sa na roba kafin azumi. Ya ce sai wurin ya warke, kuma sai an je Sakkwato, ba zai yiwu kafin azumi ba. Mahaifina ya buɗe ido ya tambayi likita abu guda, ko kwana nawa zai yi kafin ya iya karatu. Aka cire shi a ranar.

Na ɗauki hutun shekarata gaba ɗaya na koma Argungu. Kowace safiya bayan asuba, da kuma bayan sallar isha'i, sai in ɗauko buta da madubi in zauna gabansa a zaure, gwiwa da gwiwa. Kwanakin farko hannunsa yana tsoron wurin, sai na karɓi burushin na riƙe haɓarsa na goge masa da kaina. Shi ya rufe ido, ni in dubi haƙori kawai. Mai batir muke sawa a baya, na hannu mai laushi a gaba inda ke da rauni. Na dama ya daina jini, a hankali ya fara ƙarfi. In na fita sai in laɓe a bayan ƙofa in ji yana bita, yana maimaita kalma guda sau goma, yana neman sabon wurin da harshensa zai dafa. Wani lokaci in ji kamar an samu, wani lokaci in ji wata 'yar iska siririya tana bin harafin. Ban san ko da gaske take ba ko tsorona ne ke hura ta. Abinci ma ya daina yi mini daɗi, Gwaggo ta ce ni aka cire wa haƙori ko shi.

Ranar ɗaya ga azumi bayan la'asar masallaci ya cika har waje. Na zauna a sahu na uku. Malam ya yi addu'ar buɗewa, ya dubi mahaifina. Ya gyara zama ya fara.

Ban fahimci ko kalma guda daga fassarar ranar ba, haruffa kawai nake tsinta. Duk sin da ta taho sai numfashina ya tsaya har ta wuce. Na riƙa duban fuskokin dattawan sahun gaba, waɗanda suka san karatu, ko wani zai ɗaga gira. Babu wanda ya ɗaga. Wani tsoho kusa da ni yana ta gyaɗa kai kamar yadda ya saba kowace shekara. Da aka shafa, mutane suka zo suna ba shi hannu, wani ya ce Malam, murya tana nan inda take. Ni da nake da kunnen tsoro ma, ban ji iskar nan ba. Daɗi ya kama ni.

Muka kamo hanyar gida, yana gaba ina bayansa riƙe da buzunsa. Rana ta yi ƙasa, ana ta fitowa da kunu da ƙosai ƙofar gidaje. Ina ta shirya yadda zan ba Gwaggo labari. Da muka zo kwanar gidanmu sai ya rage tafiya har na iso kafaɗarsa.

"Gobe da sahe ka tai wurin malam, ka ce mai shi nemi wani."

"Baba, wallahi babu wanda yaj ji komi. Ni kaina na kasa kunne tun hwarko har ƙarshe, ban ji ba."

"Ni na ji."

Ya karɓi buzunsa daga hannuna ya shiga gida.

Washegari na je na isar da saƙon. Malam ya zo da kansa har zaure ya roƙe shi, bai sauya ba. Da la'asar wani ya hau wurin, mahaifina kuma ya zo ya zauna a sahu na uku kusa da ni, yana bin karatun da leɓɓansa, babu sauti.